Dorugu: Yaron Da Aka Zana, Shi Kuma Ya Zana Masu Zanensa

Duk mai bibiyar shafukan intanet a 'yan shekarun nan ya sha cin karo da hotunan da ake yaɗawa da sunan Bayajidda, ko Daurama, ko Sarauniya Amina, ko ma Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka zana a zamanin mai shi. Duk ƙirƙirar 'yan baya ce. Kakanninmu ba su ɗauki zanen fuska a matsayin hanyar adana mutum ba. Abin da suka dogara da shi shi ne kirari, da waƙar makaɗa, da jerin sunayen sarakuna irin wanda fadar Daura ta riƙe tun tale-tale. Shi ya sa sai da na'urar ɗaukar hoto ta iso tare da Turawan mulki sannan muka fara sanin kamannin sarakunanmu, irin su Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966 bayan ya shafe fiye da shekara 50 a kan karaga.

To amma akwai wani Bahaushe ɗan talakawa, haifaffen wani ƙauye da ke arewa da Daura, wanda aka buga hotonsa a littafi a Landan tun a 1858, wato fiye da shekara 40 kafin Lugga ya kafa tutarsa a ƙasar nan. Sunansa Dorugu. A kansa nake so in yi tsokaci a yau, domin a ganina rayuwarsa na ɗauke da darasi a kan bambancin da ke tsakanin wanda aka zaunar aka zana da wanda ya riƙe alƙalamin zanen.

Kafin in shiga tarihinsa, ya kamata mai karatu ya san irin sana'ar zanen fuska da ta yi tashe a Turai gab da haihuwarsa, wadda zan kira hoton inuwa. Kada a haɗa ta da abin da malamanmu na Malikiyya ke kira sura mai inuwa, wato gunki ko mutum-mutumi. Wannan a kan shafi take. Akan zaunar da mutum a gefen kyandir, ya juya gefen fuskarsa, inuwarsa ta faɗa kan farar takarda, mai zane ya bi gefenta da alƙalami, sannan ya rage girmanta ya cike ta da baƙin launi. Abin da zai fito shi ne goshi da hanci da leɓe da haɓa. Ba ƙwayar ido, ba murmushi, ba alamar abin da ke cikin zuciya.

Sunan da Turawa ke kiran wannan sana'a da shi a yau ya samo asali ne daga Etienne de Silhouette, wanda ya riƙe baitulmalin Faransa a 1759, lokacin da yaƙi ya tsotse aljihun gwamnati. Tsananin tsimi da harajin da ya ɗora wa masu hali suka sa aka riƙa laƙaba sunansa ga duk wani abu mai araha, har da wannan hoto na marasa ƙarfin biyan babban mai zane. A Ingila an yi wani gwani, John Miers, mutumin Leeds da ya koma Landan, wanda ke zana irin waɗannan hotuna da baƙin launi a kan allon farar ƙasa da kan hauren giwa, wasu ƙanana ƙwarai har ana saka su a zobe. Zaman 'yan mintoci ya ishe shi. Ya rasu a 1821. Bayansa aka yi Bafaranshe Auguste Edouart, wanda shi da almakashi yake yanka nasa, kuma ya yi shekara goma yana yawo a Amurka yana yanka inuwar manyan ƙasar. A hanyarsa ta komawa a 1849 jirgin ruwan da ya shiga ya yi haɗari, akasarin kundayensa suka salwanta a teku.

Sana'ar tana da wata fuska mara daɗi. Wani limamin coci na birnin Zurich, Johann Lavater, ya wallafa littattafai tsakanin 1775 da 1778 yana da'awar cewa daga inuwar fuska ana iya karanta hankalin mutum da halinsa, kuma daga baya masu neman hujjar fifita wani jinsi a kan wani suka yi ta amfani da irin wannan tunani. A jihar Connecticut ta Amurka, an sami hoton inuwar wata baiwa mai suna Flora ajiye tare da takardar cinikinta ta 1796, inda aka sayar da ita tana da shekara 19 a kan fam 25. Abin da ya saura nata ke nan a duniya: gefen fuska da farashi. Sharaɗin hoton inuwa shi ne wanda ake zanawa ya zauna cik, ya yi shiru, ya kau da kai. Ba ya kallon mai zanensa, balle ya faɗi abin da ya gani.

A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faris, wadda ta karya kasuwar masu hoton inuwa. A daidai wannan tsakani aka haifi Dorugu a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance. Wanda ya tashi daga Daura a yau ya bi ta Kwangwalam ya ƙetare iyaka, ya wuce Matamaye, zai iske Kance a kan hanyar Damagaram. A wancan zamani babu wannan iyaka. Ingila da Faransa ne suka shata ta daga baya. Yankin na cikin ruɗani. Jihadi ya raba gidan sarautar Daura, Fulani na riƙe da birni, tsohuwar zuriya ta koma Zango da Baure, ga Damagaram, wadda ke biyayya ga Barno, tana faɗaɗa ikonta a kan garuruwan da ke tsakani. Idan manya suna irin wannan ja-in-ja, talakan ƙauye shi ne abin biyan bashi da abin kai gaisuwa.

Mahaifin Dorugu makaɗi ne mai ɗan gonarsa. Yaron bai wuce shekara 11 ko 12 ba aka kama shi a wani hari, aka raba shi da danginsa, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa, babban birnin Barno a zamanin Shehu Umar, inda ya faɗa hannun wani Balarabe. A can ya haɗu da wani Bajamushe masanin duwatsu, Adolf Overweg, ɗaya daga cikin Turawa uku da gwamnatin Ingila ta turo su ratsa Sahara a 1850. Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamarge mai suna Abbega, ya 'yanta su. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852. Shugaban tawagar, James Richardson, ya riga ya mutu tun 1851. Saura mutum ɗaya, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, shi ne ya gaji yaran biyu.

A watan Nuwamba na 1852 Barth ya fito daga Kukawa ya nufi yamma, Dorugu na cikin ayarinsa. Suka bi ta Damagaram da Katsina, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno, suka wuce Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Timbuktu a watan Satumba na 1853. Sun yi watanni a can cikin barazanar kisa, a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakka'i na Kuntawa. Daga nan suka juyo ta Gawo da Sakkwato da Kano, suka koma Kukawa a ƙarshen 1854. A 1855 suka ratsa hamada ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta Malta zuwa Faransa, suka isa Landan a watan Satumba. Mai karatu ya ƙiyasta: yaron da bai kai shekara 17 ba ya ga Tafkin Chadi, ya ga Timbuktu, ya ga Bahar Rum, ya ga kogin Landan. Ko a cikin fatake da alhazan zamaninsa da wuya a sami wanda ya haɗa waɗannan wurare huɗu.

Barth ya rubuta labarin tafiyarsa a juzu'i biyar da aka buga a 1857 da 1858, kuma har gobe masana tarihin Kano da Katsina da Barno ba sa rabuwa da su. A cikin juzu'i na huɗu aka saka zanen Dorugu da Abbega. Amma idan aka auna dubban shafukan littafin da 'yan layukan da aka ba yaran nan biyu, sai a ga cewa abin da Barth ya bar mana game da su bai wuce hoton inuwa ba: ga suna, ga ƙabila, ga shaidar cewa sun yi masa amfani, ga ƙorafin cewa Abbega kan bar raƙuma su ɓace. Ban ga laifin Barth sosai a nan ba, domin ya fi yawancin Turawan zamaninsa mutunta mutanen da ya tarar. Ko Shehu Laminu na Barno, wanda aka buga zanensa a littafin Denham da Clapperton a 1826, ta idon baƙo aka nuna shi. Haka abin yake ga duk wanda wani ya ba da labarinsa.

Da a nan zancen ya tsaya, da Dorugu ya zama ɗan'uwan Flora a tarihi. Abin da ya fitar da shi daga wannan sahu shi ne haɗuwarsa da James Frederick Schön, wani ɗan mishan Bajamushe da ke zaune a Chatham ta yankin Kent. Schön ya shiga tawagar binciken Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fara koyon Hausa, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Samun Bahaushe a ƙofar gidansa ya zame masa tsuntuwa. Bayan yaran sun ziyarci Jamus tare da Barth, an shirya mayar da su gida, sai Schön ya karɓe su, abin da bai yi wa Barth daɗi ba. An yi musu baftisma a Ingila. Abbega ya komo a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna har 1864.

A cikin waɗannan shekaru Schön ya zaunar da shi, kamar yadda mai hoton inuwa ke zaunar da mutum, da nufin ya tatsi kalmomi da jimloli don ƙamus da fassarar littattafan addininsa. Sai dai wannan karon wanda aka zaunar bai yi shiru ba. Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, tun daga gidan ubansa, da ranar da aka kama shi, da yadda ake cinikin mutum, da ƙishirwar hamada, Schön na rubutawa da haruffan boko. Da ya iso kan Turai a cikin labarin, sai ya juyo da ido kan masu masaukinsa. Ya siffanta jirgin ruwansu da jirgin ƙasansu, da sanyin ƙasarsu, da suturar matansu, da yadda suke shirya liyafar cin abinci da ƙa'idojin zaman teburi, dalla-dalla, da idon mai lura wanda abin ke ba shi mamaki wani lokaci, wani lokaci kuma dariya. Irin kallon da Barth ya yi wa kasuwar Kurmi da fadar Kukawa, shi Dorugu ya yi wa ɗakin cin abincin Ingila. Turawa sun saba su ne masu kallo, mu abin kallo. Ga wani yaro daga arewacin Daura ya mayar musu da biki tun kafin kakanninmu su san akwai wani abu wai shi boko.

Daga wannan zama Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sannan a 1885 ya buga Magana Hausa, wanda ya ƙunshi labarin rayuwar Dorugu da tatsuniyoyi da dama da ya ba shi. Faransa ta ba Schön lambar yabo ta Volney a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Ban yi masa hassada ba, domin ya yi aiki tuƙuru na shekaru masu yawa. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: ruwan da ya ɗiba daga rijiyar yaron nan ne, sunan da ke bangon littafi kuwa na mai guga ne.

Ya kamata ma'abota adabin Hausa su tsaya su yi lissafi. Littattafan da muke ɗauka a matsayin tubalin farko na zube a boko, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun fito ne daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Shaihu Umar ƙagaggen labari ne na yaron da aka sace aka ratsa hamada da shi. Kusan shekara 50 kafin a buga shi, an riga an buga labarin gaskiya na yaron da hakan ta faru da shi, daga bakinsa, da Hausar yankinsa. Labarin Baba ta Karo, wanda masana ke ji da shi a matsayin muryar talaka, sai a 1954 ya fito, kuma da Ingilishi. Saboda haka, ga mai nazarin harshe, maganar Dorugu taska ce ta yadda ake Hausa a tsakiyar ƙarni na 19 a tsakanin Daura da Damagaram. Ga mai nazarin tarihi kuma, shaida ce ta bauta daga wanda aka ɗaure, alhali yawancin abin da muke karantawa daga fada ya fito ko daga baƙi.

Bayan komowarsa ya yi aikin tafinta da koyarwa tare da Turawa iri-iri. Ƙarshen rayuwarsa a Kano ya same shi. Lokacin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, wadda ita ce mafarin makarantun boko na gwamnati a Arewa, tsoho Dorugu na cikin waɗanda suka koyar da karatu da rubutu a cikinta. A nan ya rasu a 1912. Matar Vischer, Isabelle, ta rubuta labarin rasuwarsa a littafin tunawa da zamanta a Arewa, inda ta ambaci cewa a cikin kayan da ya bari har da tarin tabarau. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana kallon duniya, abin da ya fi tarawa ke nan.

Ke nan duk wanda ke karanta wannan shafi da haruffan boko, likita ne ko lauya ko injiniya ko babban sakatare, yana da alaƙa da wannan bawan Allah ta fuska biyu: bakinsa na cikin tushen ƙamus da nahawun farko na harshenmu, hannunsa kuma na cikin ajin farko na makarantar da ta haifi sauran. Amma a tambayi ɗaliban sakandare a Daura ko Zango ko Mai'aduwa wane ne Dorugu, a ga yadda za su yi zuru. Waɗanda suka sake fito da shi fili su ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, a littafin da Jami'ar Yale ta buga a 1971, inda suka haɗa labarinsa da na Maimaina na Jega, Sarkin Askira, jikan Abbega. Wato baƙi ne suka zana shi da farko, baƙi ne kuma suka kakkaɓe masa ƙura.

A nawa nazarin, dalilai uku suka sa muka kau da kai. Na farko, bawa ne, mu kuwa mun fi son tarihin masu rawani, kuma labarinsa na tuna mana cewa waɗanda suka kama shi suka sayar ba daga ƙetaren teku suka zo ba. Na biyu, zamansa a hannun 'yan mishan da baftismar da aka yi masa sun sa wasu na ganin ba namu ba ne. Ina roƙon masu wannan ra'ayi su tuna cewa yaro ne da aka fizge daga gaban iyayensa, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ƙasar da ba shi da kowa. Idan akwai tuhuma, ta fi cancantar waɗanda suka fara sa masa igiya. Hisabinsa na wurin Mahaliccinsa, shaidarsa kuwa tamu ce. Na uku, iyakar da Turawa suka ja ta jefa ƙauyensu a Nijar, kabarinsa a Nijeriya, sai kowane ɓangare ya bar wa ɗaya.

Gyaran wannan ba ya bukatar kasafin biliyoyi. Sassan koyar da Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da jami'ar Damagaram za su iya haɗa hannu su sake buga labarinsa da ƙa'idar rubutun yau, tare da sharhi, a farashin da ɗalibi zai iya saya. Littafin 1885 ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, babu wanda za a biya. Masu tsara manhaja su sa shi kusa da Shaihu Umar, ɗalibi ya karanta ƙagagge ya karanta na gaske. Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, wanda yanzu gidan tarihi ne, shi ya fi dacewa da a keɓe wa malamin nan kusurwa. Masarautar Daura kuwa, wadda duk shekara ke karɓar baƙin da ke zuwa ganin rijiyar Kusugu, ba za ta yi asara ba idan ta ƙara wa baƙinta labarin ɗan maƙwabtanta da ya kai Hausa Landan.

Akwai kuma abin da ya rage ga kowannenmu. A gidajenmu da yawa akwai tsofaffin hotuna na kakanni, baƙi da fari, a cikin akwati ko a jikin bango, waɗanda in dattijuwar gidan ta kwanta dama babu mai iya faɗin sunan waɗanda ke ciki. Daga ranar sun zama hoton inuwa, ko da idanuwansu sun fito tangaram. Yau kowa na da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa, abin da Schön bai samu ba. A zauna da tsofaffin nan, a tambaye su, a bar su su yi magana, a rubuta suna da shekara a bayan kowane hoto. Edouart ya yi asarar kundayensa a teku ba da son ransa ba; mu namu a kan tudu suke lalacewa muna kallo. Allah Ya ba mu ikon kula da amanar da magabata suka bar mana, amin.